Baffa, Bakin Kamfani

Ranar sadakar uku ta Baffa, yayan mahaifina, ruwa aka wuni ana yi. Kwatar lungunmu a unguwar New Bell, cikin Douala, ta cika ta tumbatsa, sai da aka jera bulo da katakai daga bakin titi zuwa ƙofar zaure don masu gaisuwa su samu wurin sa ƙafa. Duk da haka mutane sun zo. Ni ina tsakar gida ina zuba shayi, kunnena ɗaya yana wurin mata, ɗaya yana rumfar maza.

Mata yabo suke yi. Mutum mai tsabta. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a sama ba. Ɗan unguwa na farko da ya sa kwat ya shiga biro, wato aikin ofis. Wata tsohuwa ta ce ai shi kam ya ji daɗin duniyarsa, bai san nauyin buhu ba. Matarsa, wadda muke kira Inna Babba, ta ɗago ta dube ta, ta mayar da kai ga carbinta.

A rumfar maza maganar dabam ce. Wasu tsofaffi sun ware gefe guda, bayansu duk ya ranƙwafa iri ɗaya. Tsofaffin 'yan dakon siton da Baffa ya yi aiki ne a Bonabéri. Ɗayansu, wani Babarbare, ya shafa addu'a, sannan ya ce da na kusa da shi, bai ko rage murya ba:

"Allah ya jiƙansa. Amma ni dai da bakinsa aka kore ni."

"Ni ma," in ji na kusa da shi.

Na ukunsu ya ce, "Wa ke nan wurin da ba da bakinsa ba?"

Suka ci gaba da kurɓar shayi. Akwai wani ma da ya zo bakin lungu, ya tsaya da lemarsa a cikin ruwa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a daga can, ya juya. Aka bi shi a shigo da shi, ya ce a bar shi, ya sauke abin da ke kansa.

Ana haka sai ga wani saurayi ya sauka daga bensikin, babur ɗin haya, rungume da ƙaton kambin furannin roba. Kamfani ne ya aiko shi. Ya tambaya da Faransanci ranar da za a ɗauko gawa daga ɗakin ajiya na asibiti, don manya su shirya zuwa. Aka gaya masa tun ranar da ya rasu aka binne shi. Saurayin ya tsaya yana rarraba ido. Ba laifinsa ba ne, aiko shi aka yi. Amma Baffa ya ba wa kamfanin nan fiye da shekara talatin, kullum yana shimfiɗa kwali a bayan sito yana salla a gaban idonsu, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya san ba ma ajiye mamaci. Furannin suka ƙare a jingine jikin bangon banɗaki, don ba wanda ya san abin da zai yi da su.

Matan gaskiya suka faɗa. Tsofaffin ma gaskiya suka faɗa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, kada jikokinsa su tashi da rabin labari.

Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi Douala daga ƙasar Kano, ya zauna. Ya sa babban ɗansa a lekol, makarantar Faransanci, a lokacin da unguwa ke yi wa mai yin haka kallon wanda ya jefar da ɗansa. Ƙanen kuwa, wato Babana, allo kawai ya yi, ya kama dako tun ƙuruciya. Baffa ya gama karatu ya samu aiki a wani kamfani mai kwaso shinkafa da fulawa daga tashar jirgin ruwa yana tarawa a manyan ɗakunan ajiya a hayin gadar Wouri. An ce ranar da ya fara zuwa, Kaka rago ya yanka.

Akawu aka ɗauke shi. Amma ainihin aikinsa dabam ne. 'Yan dakon siton kusan duk mutanen Arewa ne, Hausawa da Fulani da Barebari, Hausa ce ta haɗa su. Patron kuwa, shugaban wurin, ko "sannu" ba ya ji. Duk sanda za a yi wa 'yan dako magana sai a kira Baffa ya tsaya a gefen tebur. Faɗa ne, shi zai faɗa. Ƙarin awoyi ne, shi zai faɗa. Sallama ce, shi zai faɗa. Patron ya tafi wani ya zo, wasu ma shi ya nuna musu inda makunnin fitila yake, amma shi yana nan inda yake. Yana da kujera a wani lungu kusa da ƙofa, sai dai rabin rayuwarsa a tsaye ya yi ta a gefen teburin wani.

Abin da na fara sani game da shi tun ina ƙarama kwat ɗinsa ce. Da kansa yake goge ta da dutsen guga na gawayi, ba ya bari kowa ya taɓa. Amma ba ta shiga ɗakinsa. Akwai ƙusa a jikin bangon baranda, nan yake rataye ta da zarar ya shigo. Sannan ya kira ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, miƙo mini buta. Bari in wanke bakin kamfani kafin in gaisa da mutane."

Ya tsuguna a bakin kwata ya yi ta kurkure baki, ya wanke fuska, sannan ya ɗago ya ce, "To, sannunku da gida." Mu yara dariya abin ke ba mu. Sai da na girma na lura Inna Babba ba ta taɓa yin dariyar ba.

Mutanen unguwa kan zo zaure da 'ya'yansu. "Malam, a samar wa yaron nan ko shara ce." Ba ya ƙi, da yawa ta hannunsa suka shiga. Amma sai ya dubi yaron ya ce, "Aiki akwai. Sai dai kada ka so shi. Ka je, ka yi, ka dawo. Na ga waɗanda suka so shi ranar da aka sallame su. Washegari wani ne ke sanye da rigar aikinsu." Iyayen su yi godiya su fita suna cewa Malam ya cika baƙin rai, ga shi Allah ya ba shi inuwa yana kushe ta.

An taɓa ba shi lambar yabo ta daɗewa a aiki. Ya dawo da ita a aljihu, ya miƙa mana muka yi ta wasa da ita. Daga baya ta koma ƙarƙashin ƙafar keken ɗinkin Inna Babba, don keken yana girgiɗi. Shi da kansa ya sa ta.

Faɗansu na farko da Babana a gabana aka yi. Shi ma Babana a siton yake dako a lokacin. Buhuna ne suka rufto wa wani ɗan dako Bafulatani, ƙugunsa ya karye. Sauran suka ajiye aiki suka taru a ƙofar ofis, suka tura Babana gaba, don shi ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Patron ya fito, Baffa a gefensa.

Babana ya ce, "Yaya, gaya masa shi ya sa aka jera buhunan nan har rufi don yana sauri. Gaya masa jinin mutumin nan yana wuyansa. Gaya masa mu ba jakuna ba ne."

Baffa ya juya, cikin Faransancinsa mai laushi, ya ce ma'aikata suna cikin damuwa, suna roƙon a dubi ɗan'uwansu da idon rahama. Patron ya gyaɗa kai, ya ce za a duba, ya koma ciki. Abin da Baffa ya manta shi ne wanda ya shekara yana dako a bakin ruwa ba ya rasa tsintar Faransanci.

Da yamma Baffa na tsugune da butarsa Babana ya tsaya a kansa.

"Yaya, ni na ce jini, kai ka ce rahama."

"Da na faɗa yadda ka faɗa, da yanzu dukanku kuna waje."

"Da mun fita da mutuncinmu."

"Mutuncin za ka dafa wa yara su ci?"

"To shi da ya zage mu jiya, ya ce mana malalata, me ka ce mana? Ka ce patron yana gaishe mu, a ƙara ƙoƙari. Ka hana shi jin namu, ka hana mu jin nasa. Wa kake yi wa aiki, Yaya?"

Baffa ya zubar da sauran ruwan butar ya shiga ɗaki.

Ba a duba komai ba. Bafulatanin ya yi kwanciyarsa a asibiti, 'yan'uwansa suka yanke shawarar mayar da shi Arewa a jirgin ƙasa. A tashar aka rasa yadda za a haura da shi cikin tarago. Baffa, da kwat ɗinsa a jiki, ya durƙusa ya goya shi, ya shiga da shi har wurin kwanciya. Babana yana wurin. Ya ce wannan ya fi komai ba shi haushi. "Mutumin da zai iya goya shi a baya, amma ba zai iya faɗar kalma ɗaya a kansa ba."

Sai shekarar da kamfani ya sayo injinan ɗaga kaya. Inji ɗaya yana yin aikin tarin mutane. Aka fara kiran 'yan dako ofis ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka kira Babana, tare suka fita daga gida da Baffa, mota ɗaya suka shiga, suka daɗe a cunkoson gada kafaɗa da kafaɗa, har Baffa ya raba goro ya ba shi rabi.

Babana ya shiga ofis ya tarar da yayansa a tsaye a gefen tebur. Patron ya yi maganarsa, gajeriya. Babana ya ji sarai. Baffa ya sunkuyar da kai, yana fatan jin da ƙanensa ya yi ya wadatar.

Babana ya ce, "Ban ji ba. Ni ba na jin Faransanci. Fassara mini."

"Ka ji mana."

"Aikinka ne, Yaya. Yi aikinka."

Baffa ya buɗe baki ya faɗa da Hausa, kamar yadda ya faɗa wa na gabansa, cewa kamfani ya gode, daga yau an sallame shi.

Ba korar ce ta raba su ba. Babana ya san ba Baffa ne ya sayo inji ba. Ranar nan a zaure, abu ɗaya ya tambaye shi.

"Yaushe ka sani?"

"An kwana biyu."

"Muna ci a kwano ɗaya ka sani. Ka ba ni goro a kan gada ka sani. Me ya hana ka gaya mini a gida, in shiga da shirina, kada in tsaya a gaban mutumin nan kamar an mare ni?"

"An ce kada in faɗa."

"An ce," in ji Babana. Ya maimaita, "An ce." Daga ranar ya ware kwanonsa.

Gida ɗaya muka ci gaba da zama. Suna gaisawa, suna sahu ɗaya a masallaci, ranar salla Babana yakan je ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ƙane ke yi. Iyakarta ke nan. Babana ya koma tura pus-pus, amalanken kaya, a babbar kasuwa, cikin rana da ruwa, har gashinsa ya yi fari. Baffa kuma ya ci gaba da rataye kwat a ƙusa. Wani lokaci nakan gan shi daga baranda yana kallon Babana na shafa man zafi a gwiwa. Ya yi kamar zai tashi, sai ya koma ya zauna.

Tasa sallamar ba ta buƙaci tafinta ba. 'Yan dakon da suka rage samari ne, suna jin Faransanci da Turancin kasuwa. Wani sabon shugaba, sa'an ɗansa, ya tare shi a barandar kamfani, ko ofis bai kira shi ba, ya ce lokacin hutunsa ya yi. Aka ba shi kyautar buhun shinkafa, daga cikin waɗanda ruwa ya taɓa. Ya bar wa maigadi a bakin ƙofa ya taho hannu biyu. Ya shigo tun da rana, ya rataye kwat, bai nemi buta ba.

Mun ɗauka zai zauna ya huta. Bai yi sati ba ya fara fita da safe, da jallabiya da lema. Ashe asibitin gwamnati yake zuwa. Ya samu wani benci kusa da ƙofa ya mayar da shi wurin zamansa. Duk wanda ya gani ya shigo da alamar mutumin Arewa, yana waige-waige da takarda a hannu, sai ya tashi ya ce, "Sannu. Kana jin Faransanci? To mu je." Ba wanda ya sa shi, ba ya karɓar ko goro.

A can wani mutum ne dabam. Na taɓa ganinsa da idona. Wata ma'aikaciyar jinya ta daka wa wata baiwar Allah tsawa, ta ce irinku ba kwa zuwa sai yaro ya kusa mutuwa, jahilci ya yi muku yawa. Baffa ya juya ya faɗa wa matar da Hausa, bai rage ko kalma ba. Matar ta ce, "Gaya mata tun asuba nake layi, ita ce ta wuce ni tana waya." Ya juya ya faɗa, da irin muryar da matar ta yi. An sha korarsa daga benci. Washegari sai a gan shi a kai.

Lokacin da na samu aiki a wani kamfanin waya, inda nake amsa kiran masu ƙorafi, gida ya cika da murna. Shi kaɗai ya kira ni gefe.

"Uwata, me za su saya a wurinki?"

"Baffa, aiki ne fa. Amsa waya kawai."

"Muryarki ke nan. To ki riƙa rage kaɗan kina dawowa da ita gida."

Na yi dariya a lokacin. Yanzu nakan wuni ina ba mutane haƙuri a kan laifin da ban yi ba, da kalmomin da ba nawa ba, ana sauraro ko na kauce. In na keto cunkoson Ndokoti na iso gida, yarana su yi ta magana, ni kuwa kai kawai nake gyaɗawa. Da Baffa ya rasu, kwana ɗaya aka ba ni. An ce yayan uba ba ya cikin dangi na kusa. Sauran kwanakin makokin daga hutuna aka cire.

A asibitin nan ne su biyun suka ɗan matso kusa. Ƙafafun Babana suka fara mutuwa, na kai shi. Baffa ya taso daga bencinsa ya biyo mu, ba wanda ya kira shi. Likita ya duba hoton bayansa da aka ɗauka, ya yi bayani. Ina shirin sassauta wa Babana maganar sai Baffa ya riga ni.

"Ya ce ƙashin bayanka ya cinye. Kaya ne suka cinye shi. Ba zai gyaru ba, sai dai a rage maka zafi. Ya ce kada ka ƙara tura amalanke."

Babana ya daɗe yana kallonsa. "Yau ka faɗa daidai, Yaya."

"Yau ba wanda ya ɗauke ni aiki."

Kwanon bai sake haɗuwa ba. Amma daga nan in Baffa ya shimfiɗa tabarma a zaure da yamma, Babana kan jawo sandarsa ya zauna a ɗaya gefen. Ba sa yawan magana. Rediyo ke yi musu.

Ciwon ajalin Baffa shanyewar ɓarin jiki ce. Ya faɗi a bakin rijiya, da ya farfaɗo Hausa ta tafi. Ko sunan Inna Babba ba ya iya kira. Abin da ya rage a bakinsa Faransanci ne, kuma ba na hira ba, na ofis. Likita ya ce yakan faru. Muka dawo da shi gida. Yana kwance ido a rufi, yana ta cewa, "Oui, patron. Tout de suite, patron." To ranka ya daɗe, yanzun nan ranka ya daɗe. Wani lokaci ya yi ta ƙoƙarin miƙewa tsaye, sai an danne shi. Inna Babba, wadda tun tana yarinya take gidansa, ba ta jin ko kalma ɗaya ta abin da mijinta ke faɗa.

Safiyar ƙarshe, da hantsi, muna ɗakin mu uku, ni da ita da Babana. Numfashinsa ya canja. Ya kama maimaita wata magana, da murya irin ta mai roƙo, hannunsa mai lafiya yana lalubar inda maɓallin kwat yake zama. Liman ya zo tun da safe ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, bai bi ba. Inna Babba ta riƙe hannuna.

"Me yake cewa? Wasiyya ce? Ni yake kira?"

Babana ne ya amsa mata.

"Izini yake nema. Yana cewa ya gama abin da aka sa shi, ko zai iya tafiya gida."

Ta saki hannuna. Babana ya jawo jiki da ƙyar zuwa bakin gado. Ya gyara murya, ya sa ta yi kauri irin ta patron, ya yi magana da guntun Faransancinsa na bakin ruwa.

"C'est fini. Tu peux rentrer." An gama, kana iya komawa gida.

Baffa ya daina maimaita maganar, kamar mai son ya tabbatar ya ji daidai. Babana ya dafa goshinsa, ya dawo da muryarsa ta gida.

"An tashi, Yaya. Ba sauran aiki. Tafi abinka."

Hannun ya daina lalube, ya sauka a kan ƙirji. Babana ya sa baki a kunnensa ya fara kalmar shahada a hankali. Na ga leɓɓan Baffa suna motsi. Ba zan rantse da abin da suka faɗa ba, amma ba "patron" ba ne. Kafin azahar ya cika.

Babana ne ya yi masa wanka, a zaune a kan kujera don ba ya iya tsayuwa. Bayan an dawo daga maƙabarta na tambaye shi ko ya yafe masa. Ya ce, "Shi na daɗe da yafe masa, faɗa masa ne ban yi ba. Kamfanin ne ban yafe wa ba. Shi kuma bai san ina duniya ba."

Inna Babba kuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da masu gaisuwa suka watse muna tattara kofuna, ta ce, ba da ni take ba, ba da kowa ba, "Tun ina amarya nake jiran mutumin nan ya dawo daga aiki. Ashe bai taɓa dawowa ba."

Allah ya gafarta wa Baffa abin da ya faɗa da abin da ya haɗiye. Ya yalwata masa makwanci, ya ba shi hutun da ba sai ya roƙa ba. Mu da za mu fita gobe da safe, Allah ya dawo da mu gida.